Filin Tambaya da Amsa: Koyar da tarihin yadda Amurka ta bazu zuwa yamma da takardun mutanen lokacin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da kokari. Ni malamar tarihi ce a sakandare, a wannan zangon manhaja ta kawo mu kan yadda Amurka ta rika fadada kasarta zuwa yamma a karni na 19. Matsalata itace da na fara jero ma yaran shekaru, 1803, 1830, 1848, sai kaga rabin aji sun kifa kai a tebur. Wani abokin aikina yace in rage dogaro da littafin darasi in rika kawo musu takardun asali, wato wasiku da hotuna da dokokin da mutanen lokacin suka bari. To na leka intanet naga abun yafi karfina, dubbai ne. Ta ina zan fara, kuma guda nawa zan shiga dasu aji? Daga wata malamar tarihi.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya kara basira. Guda biyu zaki shiga dasu, in abun yayi yawa uku, amma da sharadin su zama masu karyata juna. Takarda daya tak in kika mika ma yaro, haddace ta zaiyi kamar yadda yake haddace littafin darasi, baki canza komai ba sai dai kin kara masa wahalar karanta tsohon Turanci. Amma ki ajiye masa mutum biyu da suka rayu a shekara daya, suna magana kan kasa daya, kowa na cewa dayan karya yake, nan zaki ga mai barci ya dago kai, domin yara suna son shari'a kuma suna son su zama alkalai.

Ranar farko ma kar ki basu abun karantawa. Akwai wani zane da John Gast yayi a 1872, wata katuwar mace cikin fararen kaya tana shawagi a sama ta nufi yamma, littafin makaranta a hannunta, tana jan wayar tangarahu, a bayanta ga jiragen kasa ga manoma ga hasken rana, a gabanta kuma duhu ne, 'yan asalin kasar da bauna suna gudu cikinsa. Ki haska musu shi kiyi shiru, ki bari su fadi abun da suke gani. Zasu ga hasken da duhun da kansu, ba sai kin nuna ba. Bayan sun gama sai ki fada musu wanda ya biya kudin zanen, wani George Crofutt ne mai buga littattafan jagora ga matafiya zuwa yamma, kuma ya rika buga zanen yana rabawa. Kinga kenan talla ce. Daga nan tambayar da zata bi ku har karshen zango ta samu: wa ya yi wannan takardar, wa yake so ya gani, me zai samu in an yarda dashi.

Darasin da na fi so a fara karatu dashi shine na korar kabilar Cherokee. A watan Mayun 1830 shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe kabilun dake gabas da kogin Misisipi a maida su yamma. A Disambar shekarar ya aika ma majalisa sako, a ciki yana nuna farin cikinsa, yana kiran shirin da na tausayi da kyautatawa, wai raba su da fararen fata zai cece su daga karewa. Ki dauko sakin layi biyu daga nan. Sai ki hada da takardun koken da Cherokee din da kansu suka rika aika ma majalisa karkashin shugabansu John Ross, kuma wadannan mutane ne masu rubutu, Sequoyah ya kirkiro musu haruffansu a 1821, suna da tsarin mulki a rubuce, suna da jarida tun 1828 da ake bugawa cikin harshensu da Turanci, har kotun koli ta basu gaskiya a 1832 a shari'ar Worcester da jihar Jojiya. Yaro ya karanta Jackson yana cewa alheri ake musu, ya juya ya karanta masu kasar suna cewa ba mu so, mu nan muka gada.

Inda darasin yake dadi kuwa shine takarda ta uku. A Disambar 1835 wasu 'yan tsiraru daga cikin Cherokee din, ciki har da Major Ridge da Elias Boudinot wanda shine editan farko na jaridar tasu, suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota suka mika kasar akan dala miliyan 5, John Ridge dan Major Ridge shima ya sa nasa hannun daga baya. Majalisar kabilar bata yarda ba, Ross bai sa hannu ba, majalisar dattawan Amurka ta amince da ita a 1836 da ratar kuri'a daya kacal. Ross ya tara sa hannun mutum sama da 15,000 suna cewa ba da yawunsu ba, aka yi biris. A 1838 soja suka tattara su, aka kora su zuwa inda yau ake kira Oklahoma, kiyasin da aka fi ambata shine mutum wajen 4,000 suka mutu. A watan Yunin 1839 aka kashe Ridge da dansa da Boudinot a rana daya. To ki tambayi aji, wadannan maciya amana ne ko kuwa mutane ne da suka hango cewa korar ba makawa suka ce gara a karbi wani abu? Wallahi zasu yi musu har a buga kararrawa, kuma washegari ki tambaye su shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar zasu fada miki ba tare da kin ce a haddace ba.

Su shekarun da kike jerowa kar ki watsar dasu, ki zana su a gefen allo su zauna can: sayen yankin Luwiziyana daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 da ta raba Meziko da kusan rabin kasarta, gano zinare a Kalifoniya a Janairun wannan shekarar, dokar raba filaye ta 1862, hade layin dogon da ya ratsa kasar daga gabas zuwa yamma a 1869. Duk takardar da aka karanta wani yaro ya tashi ya makala ta a inda ta dace.

TAMBAYA: Malam ni dalibi ne a jami'a, ina da ja akan wannan maganar ta tuhumar takardun asali. Ai gani ya kori ji. Mutumin da yake wajen, ya gani da idonsa, ya rubuta a ranar, ta yaya ni da nazo bayan shekara 150 zan ce ban yarda dashi ba? Ni a ganina shi ya kamata a dauka a bar masanan da suka zo daga baya suna ta fashin baki.

AMSA: Kanina, gani ya kori ji gaskiya ne, amma fa kai ba ka gani ba, ji kake daga wanda ya gani, kuma wanda ya gani din yana da ubangida yana da abun da yake tsoro yana da abun da yake nema. Bari in baka mutum biyu da suka tsaya a fili daya a rana daya.

Ranar 29 ga Nuwamban 1864, a Sand Creek cikin yankin Kolorado, Kanar John Chivington ya kai sojoji wajen 700 kan sansanin kabilun Cheyenne da Arapaho da asuba. Rahoton da ya aika ma manyansa cewa yayi an gwabza kazamin fada kuma sun kashe mayaka dari hudu zuwa biyar, jaridar Denver ta yi ta yabon sojojin. Wannan takardar asali ce, ganau ne ya rubuta. A cikin rundunar akwai Kyaftin Silas Soule wanda ya hana mutanensa harbi, shi kuma ya rubuta wasika ga Manjo Edward Wynkoop yana bayyana yadda aka karkashe mata da kananan yara suna rokon a bar su, aka kuma yanyanka gawarwaki. Shima ganau ne. Shugaban sansanin, Black Kettle, ya daga tutar Amurka a gaban tantinsa saboda a tunaninsa suna karkashin kariyar gwamnati. Kiyasin yau na wadanda aka kashe ya kai mutum wajen 230, akasarinsu mata da yara da tsofaffi. Soule ya bada shaida a gaban masu bincike a farkon 1865, a watan Afrilu aka harbe shi a titin Denver. To da ka'idarka ta cewa a dauki maganar wanda yake wajen, wanne zaka dauka? Dole ka tambayi me kowannensu zai ci ko zai rasa, ka nemo na uku da na hudu, kaga wa sauran shaidu suka gaskata, kuma kwamitin majalisa da ya saurari shaidu ya yi tir da Chivington. Wannan aikin da kake kira fashin baki, shine dai.

Wani lokacin ma mai rubutun bai gani ba sam, nuna wa yake kamar ya gani. Lansford Hastings ya buga littafin jagora ga masu kaura a 1845, a ciki ya ambaci wata hanyar yanke zuwa Kalifoniya wadda a lokacin shi kansa bai taba bin ta ba. Wani ayarin masu kaura da ake kira ayarin Donner suka bi ta a 1846, ta cinye musu makonni, dusar kankara ta rufe su a duwatsun Sierra Nevada, cikin mutum 87 guda 48 ne suka fita da rai. Littafin nan takardar asali ce mai daraja, amma abun da take shaida shine yadda ake jan mutane zuwa yamma, in ka karanta ta a matsayin bayanin hanya ka shiga ayarin Donner kaima.

Sai kuma mai gaskiya wanda yayi shiru akan abu. Amelia Stewart Knight ta bar Iowa a 1853 da mijinta da 'ya'ya bakwai a amalanken shanu zuwa Oregon, kusan kullum tana rubutu, ruwan sama, kura, shanu sun mutu, yaro ya fado daga amalanke, ciwon kai, gajiya. Sai a karshen littafin kawai ta ambaci cewa ta haifi danta na takwas. Duk watannin nan da ciki take tafiya bata taba rubuta shi ba, saboda a tarbiyyar lokacinta mace bata rubuta irin wannan. Bata yi karya ko daya ba, amma in baka san zamaninta ba zaka karanta littafin gaba daya ka rasa babban abun da ke cikinsa. Ina son ba dalibai wannan ba tare da shafin karshe ba, su gama fadin irin matar da suke zato, sannan a mika musu.

Akwai kuma abun da ganau ba zai taba iya gani ba komai gaskiyarsa, wato jimilla. Matafiyan hanyar Oregon, tafiyar mil wajen 2,000 ta wata hudu zuwa shida, littattafansu cike suke da tsoron harin 'yan asalin kasar. Da masanin tarihi John Unruh ya zauna ya tattara bayanan 1840 zuwa 1860 sai ya samu matafiya 362 ne aka kashe a irin wannan rikici, su kuma matafiyan sun kashe 'yan kasar 426, alhali dubbai cuta ce ta kashe su, musamman kwalara. Mutumin da ke cikin amalanke daya bashi da hanyar sanin wannan. Saboda haka kar ka zubar da masanan baya, kaima in Allah ya yarda cikinsu zaka shiga.

TAMBAYA: Salam Malam. Abun da ke damuna shine kusan duk takardun nan fararen fata ne suka rubuta su. Ina muryar mutanen da aka kwace ma kasa? Na samu wani jawabi mai ratsa zuciya na sarki Seattle akan cewa kasa uwa ce ba'a sayar da ita, ina shirin karanta ma dalibaina. Ya dace? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam dakata da wannan jawabin tukuna. Seattle mutum ne na gaske, shugaban Suquamish da Duwamish, kuma ance yayi jawabi wajen 1854 cikin harshensa. Amma ba'a buga komai ba sai 1887, lokacin da wani Dokta Henry Smith ya fitar da abun da yace ya tuna daga rubuce rubucensa, bayan shekara sama da 30, cikin wani Turanci mai ado irin na marubutan zamanin. Shi kuma wanda yafi yawo a intanet, mai maganar kare muhalli, wani marubucin fim ne Ted Perry ya tsara shi a farkon shekarun 1970. A ciki har ana sa Seattle yana cewa yaga bauna dubu suna rubewa wadanda aka harbe daga jirgin kasa, mutumin da ya rasu a 1866 a gabar tekun arewa maso yamma, shekara uku kafin a hade layin dogon. In zaka kai shi aji ka kai shi a matsayin jarabawa, ka basu shi da wadannan shekarun kaga wa zai fara kamo bakin zaren.

Ko jawaban da suka fi wannan inganci sai ka sa ido. Shahararren jawabin mika wuya na Chief Joseph na kabilar Nez Perce a Oktoban 1877, wani hafsan sojan Amurka ne C.E.S. Wood ya rubuta shi ta bakin tafinta, kuma masana sun dade suna tababar ko ya kara masa gishiri. Duk jawabin dan asalin kasar da ka samu cikin Turanci ka tambaya wa ya fassara, wa ya rike alkalami, wa ya buga. Wannan ba dalilin watsar dasu bane, su ma dalibai su san maganar ta bi ta hannu nawa kafin ta iso gare su.

Waka a bakin mai ita tafi dadi, kuma akwai ta, sai dai ba kullum a haruffa take ba. Bayan yakin Little Bighorn na Yunin 1876 inda kabilun Lakota da Cheyenne suka hallaka kwamandan sojan Amurka George Custer da mutanensa, wani jarumin Lakota mai suna Red Horse wanda ya yi yakin ya zana hotuna 42 a 1881, dawakai, gawarwakin bangarorin biyu, yadda aka yi arangama, suna ajiye a cibiyar Smithsonian. Ka jera su da labaran jaridun gabas na watan Yulin 1876 ka ga bambanci. Lakota kuma suna da kidayar shekaru da suke zanawa a fatar bauna, kowace shekara alama daya ta babban abun da ya faru, shekarar agana, shekarar da aka saci dawakai, kuma yawancinsu sun zana shekarar da taurari suka yi ta zubowa, wanda ya dace da ruwan taurarin Nuwamban 1833, da wannan ne ma aka iya daidaita kidayar tasu da kalanda. Akwai Sarah Winnemucca 'yar kabilar Paiute da ta buga littafin rayuwarta a 1883. Ga kuma takardun Cherokee da na ambata a sama.

Yarjejeniyoyi ma murya ce in ka iya karanta su. Ta Fort Laramie ta 1868 ta bar ma Lakota tsaunukan Black Hills, a kasan takardar zaka ga jerin sunaye da alamar da kowa ya dangwala. A 1874 aka tabbatar akwai zinare a wurin, a 1877 majalisa ta karbe shi. A 1980 kotun koli tace an karbe ba bisa ka'ida ba ta yanke diyyar sama da dala miliyan 100, Lakota suka ki karba, sukace kasarsu suke so. Takardar 1868 da hukuncin 1980 kadai sun isa darasi guda.

Kuma kar mu takaita a kansu, akwai wasu da aka shafe. Ka dauko shahararren hoton da Andrew Russell ya dauka a Promontory cikin Utah ranar 10 ga Mayun 1869, jirage biyu sun hada goshi, mutane sun dare kansu da kwalabe a hannu. Kace ma dalibai su nemo 'yan Chana a ciki. Zasu sha wahala, alhali su ne mafi yawan leburorin kamfanin layin dogo na Central Pacific da suka fasa duwatsun Sierra Nevada, har yajin aiki sun yi a 1867 kan albashi da awannin aiki. A ranar 28 ga Afrilun 1869 da aka shimfida mil 10 na dogo a yini daya, an adana sunayen 'yan Ailan takwas da suka daga karafan, na 'yan Chana kuwa babu. Shekara 13 bayan hoton aka yi dokar hana leburorin Chana shigowa kasar. Rashin mutum a hoto shima abun tambaya ne. Haka York, bawan William Clark, wanda ya yi duk tafiyar binciken kasa da Meriwether Lewis da shi Clark din suka jagoranta ta 1804 zuwa 1806 har bakin tekun Fasifik, ba mu da layi daya daga hannunsa, sai abun da ubangidansa ya rubuta a kansa, ciki har da wasikun da Clark yake korafin York ya dame shi da neman 'yanci bayan an dawo. Bakaken fatan da suka yi kaura zuwa Kansas a 1879 kuwa sun bar magana da bakinsu, Benjamin Singleton ya bada shaida a gaban kwamitin majalisar dattawa a 1880 kuma tana nan a rubuce.

TAMBAYA: Malam yaran da nake koyarwa 'yan shekara 11 zuwa 12 ne, Turancin takardun nan ko ni sai na sa kamus. Laifi ne in saukaka musu? Sannan wasu takardun akwai zagi da kaskanci ga kabilu, in goge ko in bari?

AMSA: Ba laifi Malama, ki saukaka, ki gajarta, layi goma sun ishe su. Abu daya dai, ki fada musu cewa kin taba rubutun, kuma ki nuna musu hoton takardar ta ainihi a gefe ko da baza su iya karantawa ba, su ga tawada da rubutun hannu su san mutum ne ya zauna ya rubuta. Inda ake kuskure shine malami ya sake rubuta magana da kalmominsa sannan ya sa ta a baka biyu kamar haka mai ita ya fada.

Ga masu wannan shekarun ki nemo sa'anninsu. Virginia Reed tana da shekara 13 ta fito da rai daga ayarin Donner, a 1847 ta rubuta ma 'yar uwarta wasika cike da kuskuren rubutu, a karshe tana bata shawarar kar a kuskura a bi hanyar yanke kuma a yi sauri. Yara suna jin dadin ganin wadda ta shiga tarihi bata iya hada baki ba, shi kansa Clark a littafin tafiyarsa kalma daya yana rubuta ta kala kala. Wasikar ta tabo yunwar da ta sa wasu cin naman mamata, saboda haka ki karanta ta ke kadai tukuna ki zabi inda zaki yanka.

Dokar raba filaye da shugaba Lincoln ya sa ma hannu a Mayun 1862 ma tana musu kyau, domin fom ce. Eka 160, mai nema ya kai shekara 21 ko ya zama shi ke rike da gida, mace ma in ita ke rike da gida tana iya nema, ya zauna shekara 5 ya gina ya noma, kudin takardu gaba daya dala 18, a karshe ya kawo makwabta biyu su yi masa shaida. Takardun Daniel Freeman na Nebraska wanda ya shigar da nasa ranar 1 ga Janairun 1863 suna nan ana iya bugawa. Ki basu su karanta, sannan ki nuna musu hotunan da Solomon Butcher ya fara dauka a Nebraska daga 1886, iyalai a gaban gidajen da aka gina da yankakkiyar kasa mai ciyawa saboda babu itace, sun fito da teburi da kujeru da duk abun da suke takama dashi waje don ya shiga hoto. Ki tambaye su me yasa aka fito da kayan, wa za'a aika ma hoton. Daga nan sai tambayar da fom din bata yi ba: kafin a raba filin nan na waye.

Zancen zagi, ga 'yan 11 ki zabi yankin da babu mafi muni, ba sai kin goge ba. Ga manyan aji kuwa a bari yadda yake, ki gargade su kafin a fara, kuma kar ki sa yaro ya tashi ya karanta irin wannan da karfi. Wani abun da nake hana malamai shine wasan kwaikwayon da za'a ce wasu yara su zama sojoji wasu su zama wadanda ake kora, yana karewa ne da dariya ko da wani yaro ya tafi gida da bacin rai. Muhawara akan takarda ta wadatar.

TAMBAYA: A ina ake samun takardun nan, kuma da kudi? Sannan ina tsoron kar in bata lokaci a kansu manhaja bata kare ba.

AMSA: Kyauta ne mafi yawansu. Dakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya zuba hotuna da taswirori da wasiku a shafinsa, har da wadanda aka riga aka hada ma malamai kan wannan maudu'in, kuma yana da rumbun tsofaffin jaridu mai suna Chronicling America inda zaka iya nemo yadda aka bada labarin abu a makon da ya faru. Hukumar adana takardun gwamnatin Amurka tana da shafin DocsTeach, can zaka samu dokoki da yarjejeniyoyi da takardun filaye. Littattafan tafiyar Lewis da Clark jami'ar Nebraska ta sa su gaba daya a intanet. Abun da zaka guje ma shine maganganun da ake mannawa a jikin hoton wani dattijo mai gashin tsuntsu a ka ana yadawa a Facebook, in babu shekara babu inda aka ajiye takardar, bar shi.

Maganar lokaci kuwa, ba kowane darasi za'a yi haka ba. A zango guda ka ware uku ko hudu, sauran ka bi littafi da sauri. In ni ne zan dauki korar Cherokee, da Sand Creek, da hoton Promontory, sai in rufe da dokar Dawes ta 1887 wadda ta yayyanka filayen kabilu zuwa gonakin mutum daya daya aka sayar da ragowar, filin da ke hannunsu ya sauko daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48 kafin 1934. A jarabawa ka basu takardar da basu taba gani ba, misali hoton nan na 1892 na tulin kokunan kan bauna da aka tara a wata masana'anta kusa da Detroit mutum na tsaye a samansa, ka rubuta shekarar da wurin a kasa, kace su fadi wa ya dauka a ganinsu, don me, da kuma wace takarda ta biyu zasu nema kafin su yanke hukunci.